Duron da Surukina Ya Aiko

Ba zan taɓa mantawa da daminar da surukina ya aiko min da injin kwale-kwale ba, ko da kuwa na so in manta. Ni makanike ne a nan Mubi, babura da janareto nake gyarawa, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Kullum maganata ita ce inji inji ne, in dai yana shan fetur to ya shigo hannu. (Yanzu na daina faɗin haka.)

Surukina, mahaifin matata Dija, dattijon Bafulatani ne mai ƙarancin magana. Shekara huɗu da aurenmu bai taɓa neman komai a wajena ba. Ko gaisawa muke yi, shi yana kallon gefe, ni ina kallon ƙasa. Na kuma san tun farko malamin makaranta ya so wa 'yarsa, ba mai baƙin mai a farce ba, kuma abin yana ci mini rai. To a daminar nan mayo, wato kogi, ya cika, ya raba mutanen ƙauyensu da gonakinsu na ƙetare, sai ya sayo tsohon inji daga Yola don a riƙa haye da su. Injin yana tashi, amma da an sassauta masa wuta sai ya mutu. Wata Talata mai keke ya tsaya a ƙofar shagona, ya sauke inji, ya sauke wani shuɗin duro, ya ce, "Baba ya ce a kawo maka. Ga inji, ga duro."

Daɗi ya kama ni. Yau dattijo ya nemi hannuna, har da tukuici tun kafin a fara aiki! Na ɗaure duron a bayan babur na kai wa Dija, ta wanke shi tas, muka ajiye shi a ƙarƙashin indararo. Har saƙon godiya na aika masa.

Aikin bai ba ni wahala ba. Na kwance kafireta, na tarar da ita duk datti, na wanke da fetur, na hure ƙananan ramukanta, na mayar. Na ɗaure injin a jikin benci, farfela tana reto a iska, na ja igiya ya tashi. Na sa sukundireba ina daidaita silo (wato yadda inji yake aiki a hankali in ba a ba shi wuta ba) har sai da ya koma yana gurnani kamar kyanwa. Wani ƙaurin roba ya ɗan bugi hancina, na ce ai tsufa ne.

Ranar Alhamis da safe na kai shi bakin mayo da kaina, har da sa sabuwar riga. Manoma sun taru da fartanyoyi da buhunan taki, Baba yana zaune a kan buzu a gindin bishiya. Wanda zai riƙa tuƙin, wani mutum ne mai suna Tizhe, ya daɗe yana aikin ruwa a Yola. Muka ɗaura injin, na ja igiya. Ya tashi, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Na sake ja. In na ba shi wuta ya yi ihu, in na saki ya mutu. Na ce fulogi ne, na canza. Na ce man nan an gauraya shi da ruwa, mai man yana tsaye a wurin ya rantse da Allah. Rigata ta jiƙe sharkaf, ga mutane sun zuba ido.

Tizhe ya leƙa bayan injin ya ce, "Oga, wannan inji ba ya fitsari fa."

"Fitsari kuma?"

"Ruwa da yake sanyaya shi, nan yake fita. A ina ka saita shi?"

"A shago."

"Cikin ruwa?"

"Wane ruwa?"

Ya dube ni ya daɗe. "Duro fa? Ni na ce ma Baba a haɗa maka da duro."

Nan ya yi min bayani a gaban kowa, ba da mugunta ba, wanda hakan ya fi ciwo. Injin ruwa a cikin ruwa yake fitar da hayaƙinsa, ruwan yana danne shi, don haka silon da aka daidaita a iska ba ya riƙe shi in ya shiga mayo. Cika duro ake yi, a tsoma ƙafar injin, sannan a tayar. Ƙaurin da na ji kuwa, robar da ke jawo ruwa ce na ƙone.

"To ina duron?" in ji Tizhe.

Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Yana gida. Muna tarar ruwan sama."

Wani ya fashe da dariya, wata tsohuwa ta ce wayyo. Na saci kallon Baba. Bai ɗago ba, yana jan carbinsa, sai ya ce a hankali, "Ai ya yi amfani." Daga nan ya ce a ɗauko gora, a haye da mutane yadda aka saba.

Kwana uku suna turin kwale-kwale da gora kafin robar ta iso daga Yola, ni kuma kwana uku ina tunani. Tun da Baba ya ji saƙon godiyata ya gane na yi kuskure, amma kunya ta hana shi gyara wa suruki. Ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Da na ba Dija labari cewa ta yi, "Dama na yi mamaki, Baba bai taɓa yi wa kowa kyautar duro ba." Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Ka tambaye ni?"

Na ɗauka shi ke nan, wani za a kai wa aikin. Sai ga mai keken nan ranar Litinin, ya sauke inji, ya sauke roba, ya sauke wani duron. Ya ce, "Baba ya ce wannan na injin ne."

Tun daga ranar, ko allura aka kawo min tare da aiki, sai na tambayi ta mece ce. Duron farko kuwa yana nan a ƙarƙashin indararo, kuma gaskiyar Baba ne, yana amfani.