Ga Masu Ludon 'Yan Tsana, Kan Gudumar da Aka Buga Min

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya ƙera wasan nan na waya mai 'yan tsana masu manyan idanu, da mataimakansa, da mai zana musu gashi, da duk wanda ya sa hannu, Allah ya ƙara girma.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya ruwa a wajenku? Mu nan Haɗejiya kogi ya cika maƙil, amma alhamdulillahi bai shigo mana ba. Sunana Larai, matar Malam Haladu mai gyaran injin ban-ruwa a Matsaro. Ku yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake yi, ɗaya hannun yana kan muciya. Sunan wasanku harshena ya ƙi ɗauka, mu dai Ludon 'Yan Tsana muke ce masa.

Bari in fara da alherinku, kar ku ce tsohuwa ta zo da faɗa. Wasanku yana da daɗi wallahi. Ka jefa ƙwaya, 'yar tsanarka ta yi tsalle gida-gida tana tsintar taurari, wanda ya fara tara nasa ya koma gida shi ya ci. Ni da iliminmu na allo da aji uku, a zama ɗaya na gane. Kuma ƙwayar ba ta san mai digiri ba, ba ta san mai rawani ba, kowa abin da Allah ya ba shi.

Amma babban alherin ba ku ma san kun yi shi ba. Mu huɗu muke yi duk Juma'a bayan la'asar: ni, da ƙanwata Safara'u, da 'yata ta fari da ke aure a Birniwa, da mijinta. Ranku ya daɗe, ban sani ba ko a ƙasarku akwai kunyar ɗan fari. A nan, 'yar fari ba na kiran sunanta, ba ma zama mu yi hira, in ta zo gida gaisuwa ce a taƙaice ta wuce ɗakin Safara'u a sha dariya ina jiyowa. Mijinta kuwa daga zaure yake durƙusawa, ni ina bayan labule, kowa idonsa a ƙasa. Haka muka tarar, kuma ba na kuka da shi. To sai ga wasanku. Ni ce mai shuɗin gashi da kunnen zomo, ita ce mai jan gashi da tukunya a ka, shi ne yaron nan mai takobin da ya fi shi tsawo. Zomo ba ta da 'yar fari, ranku ya daɗe. In jinina na cikin wasan ya yi ƙasa sai in ga mai tukunya ta turo min katin magani, ba ta ce komai ba. In nata ya yi ƙasa ni ma in tura mata. Tun da na yaye ta ban taɓa ba ta abu hannu da hannu sau da yawa haka ba. Allah ya saka muku.

To yanzu ga ƙorafi, cikin ladabi.

Na ɗaya. Yaran nan naku, wa ya ɗinka musu kaya? Yadin ne ya ƙare, ko telan ne ya gudu? Ido kamar faranti, hanci babu, siket kuma ko tsumman goge tukunya ya fi shi. Mai kunnen zomo tawa kullum a cikin dusar ƙanƙara take yawo da guiwa a waje. Ba ta da uwa ne? Na shiga shagonku in saya mata zani, sai na tarar da hular kyanwa da fukafukai. Ku taimaka ku sa atamfa ko turmi ɗaya ne.

Na biyu. Ƙwayarku tana da son kai, ko da yake ɗazu na yabe ta. Safara'u sai ta yi ta buga siki kamar ta yi mata turare, ni kuwa ɗaya, ɗaya, biyu, kamar mai tafiya a taɓon fadama. Kuma mutum ya wuni yana tara taurari, yana dab da ƙofar gida, sai wani kati ya faɗo ya juye allon kaf, na ƙarshe ya zama na farko. Mu da muke noma a bakin kogi mun san wannan, shinkafa ta nuna ruwa ya zo ya kwashe. To mun gudo wajenku mu huta, sai ku ma ku aiko mana da ambaliya? Sannan wasa ɗaya ya yi tsawo. An ce yanzu za a gama, sai ga kiran magariba, tuwo ya kama.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki waya. Ranku ya daɗe, mai riƙon ƙwaryar nan naku. Wato in sabis ya ɗauke wa mutum, sai na'urarku ta hau kujerarsa ta ci gaba da wasa da sunansa. Wa ya yi mata tarbiyya?

Ku gane, a wasanku in ka taka gidan da wani yake, sai a tambaye ka: ka buge shi ka kwashe taurarinsa, ko ka wuce? Surukina tun da muka fara bai taɓa buguna ba. Ya iso kaina sai ya wuce, har katin gaisuwar nan mai sunkuyawa yake dannawa. Ni ma ba na taɓa shi. Safara'u muke haɗuwa mu daka, ita kuma ta rama a kan kowa, ai ƙanwar uwa ba ta da wannan nauyin. Lafiya lau muke zaune.

Ran nan hadari ya taso ta gabas, sabis ɗin Birniwa ya ɗauke daidai lokacin da yaro mai takobi ya sauka a gidana. Mai riƙon ƙwaryarku ko sallama. Ya ajiye takobi ya zaro wata guduma da ta fi turmi, ya sauke min a tsakar ka. Zomo ta baje, idonta ya koma kamar nadin tabarma, taurarina suka watse ya bi ya tsince tas. Bai tsaya nan ba. Ya juya baya ya karkaɗa ƙugu, ya fito da harshe, ya ja fatar idonsa da yatsa. Da sunan surukina a rubuce a samansa! Safara'u ta faɗo daga kan kujera don dariya. Ni ma na yi, amma a cikin mayafi.

Shi da sabis ya dawo ya ga abin da aka yi da sunansa, sai ya kashe waya. Washegari sai ga baffansa, Baba Fannami, dattijo mai furfura, ya keto ruwan hanya tun daga Birniwa da kaji biyu da kwalbar man shanu. Shi bai san wani wasa ba. Abin da aka gaya masa ya faɗa a zaure da ƙarfi, wai sun zo ban haƙuri yaronsu ya rotsa wa surukarsa kai da guduma. Malam Haladu ya shigo ba hula yana laluba min kai. Maƙwabta suka cika gida, wata har da ruwan zafi da tsumma. Na rantse na kuma rantsewa cewa kan zomo ne, Baba Fannami ya ce ko zomon waye za su biya.

Kajin mun ci, ba zan ɓoye muku ba. Amma tun ranar surukina bai sake shiga ba, matarsa kuma ba za ta shiga ta bar shi da kunya shi kaɗai ba. Sai kuka cike mana gurbinsu da baƙi, wani mai suna duk lamba, ba gaisuwa ba sai-an-jima, ya buge ni ya tafi. Jinina ya yi ƙasa na zauna ina jiran katin magani, babu mai turowa. Ranku ya daɗe, ga ruwa ya cinye hanya, kuma ko ba ruwa ni ba zan ɗaga waya in kira ta in ce na yi kewarta ba. Ta ina zan fara?

Da na fara wasiƙar nan niyyata in roƙe ku ku kori mai riƙon ƙwaryar, ko ku sa wani maɓalli na surukai, wanda in an danna shi, guduma ba za ta ɗagu ba. Amma ina tuƙa tuwon nan na sake tunani. Ku bar shi. Kar ku taɓa shi, kar ku koya masa komai.

Ga dalili. Safara'u ta yi ta lallashi har ya yarda zai shigo ranar Juma'a, sau ɗaya, don ya danna katin sunkuyawa ya fita. Yaron nan ba zai saki jiki ba muddin shi kaɗai ne ya yi abin kunya. To ni na san inda gudumar take, na gwada ta a kan Safara'u jiya, tana aiki. In Allah ya ba ni ƙwaya mai kyau na sauka a gidansa, zan sauke masa ita a tsakar ka, in kwashe taurarin, in kuma danna katin karkaɗa ƙugun. Daga nan in kashe waya in ce sabis ne. An yi ɗaya da ɗaya, ba mai bin wani kaza, sai a koma wasa.

Abin da nake roƙo a wajenku kaɗan ne: in an tambaye ku, ku ce na'urarku ce. Ta saba, ba ta da surukai.

Safara'u ta ce wai wasiƙar da aka sa a shafinku a fili take, surukin nawa zai iya karantawa. Ya karanta mana. Yaro ne mai tarbiyya, ɗan gidan mutunci, zai yi kamar bai gani ba, ni ma in yi kamar ban rubuta ba.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa kamfani albarka, ya hore muku yadi. A gaishe min da mai kunnen zomo, a ce ta ci abinci ta ƙoshi kafin Juma'a, gudumar da nauyi.

Taku mai biyayya har ƙasa, mai durƙuso tun daga zaure,

Larai matar Malam Haladu,
Matsaro, Haɗejiya.