Sharar Furera a Aljihun Dallatu

"Ya ruwa kuma?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya aka ji da tsadar nan?"

"Sai godiyar Allah."

"To madalla, gaisuwa ta ƙare. Dallatu, miƙo mini sharata."

Furera ke nan, tsaye a tsakar gidan Dallatu da tsintsiya a hammata da ɗan kwano a hannu, washegarin cika-ciki, a wani ƙauye kusa da Bagwai. Uwarta ƙanwar ubansa ce, don haka taubasai ne, tun suna tsirara suke zagin juna ga shi har furfura ta cim musu. Ita ce 'yar mace, ita ke zuwa duk shekara ta yi sharar ƙarya a biya ta. Bana kuwa shekara ce da ta zo wa talaka da ƙafar hagu. Taki ya gagara, 'yan ƙwadago sun gagara, layya ta wuce yawancin gidaje babu rago, balle a ajiye wutsiya don miyar cika-ciki.

Amma ba shara ce ta tayar da Furera da sassafe ba. Jiya Fadima, matar Dallatu, ta zo mata da kuka, ta ce ta kai masa abinci gona ta tarar da shi kwance tsakanin kunyoyi, jiki na rawa, gumi sharkaf, sai da ta ɗura masa kunu mai zaƙi ya dawo hayyacinsa. Mutum ne mai ciwon suga, yana shan ƙwayar asibiti. Sai ɗansa Khalilu, da ke tuƙa A Daidaita Sahu a Ungogo, ya aiko masa da wata kwalbar ƙwayoyi da ake kira jinsen, wai saiwar ƙasar Sin ce mai ƙara kuzari. Tun daga nan yake ta afa su. Fadima ta yi magana ya daka mata tsawa. To duk gidan nan wa ya isa ya sa hannu a aljihun mai gida? Babu, sai dai wadda al'ada ta ba lasisin rashin kunya.

Dallatu na zaune a kan turmi yana gyara ƙotar fartanya. Ya ɗago ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke baiwa, ina kika taɓa ganin an biya lada kafin aiki? Share tukuna."

Furera ta ajiye kwanon, ta sunkuya ta kai tsintsiyar kan ƙafafunsa, shar, shar, ta miƙe.

"Na gama. Babbar bolar gidan na fara da ita."

"Allah ya shirye ki. To bana babu shara, ki koma inda kika fito. Rumbuna ko ɓera ya yi ƙaura."

"Na sani, mun haɗu da shi a hanya ɗauke da kayansa. Ya ce in gaishe ka, wai bai taɓa zama da marowaci irinka ba."

"Ai gidanki ya nufa, can ma zai mutu da yunwa. Ke da miyarki ko ƙuda ba ya sauka."

"Ƙuda ya san darajar kansa, ba ya zuwa inda ka riga ka lashe kwano. Tsaya, me ya sami idonka ja wur haka kamar gauta? Ko aljanu kake wa gadi?"

"Idon namiji ke nan. Ba ki saba gani ba, gidanku duk ragwaye ne."

"Fadima ta ce kaji ma kai kake tashinsu. Wai kana ta zagaye tsakar gida kamar jakin da ya ɓata."

"Ƙarfi ne ya yi mini yawa, barci na masu kasala ne. Ke, kin san ni yanzu kuwa? Shekaranjiya amalanke ya maƙale a taɓo, na ɗaga shi har da shanun."

"Tabɗi! Da mai amalanken a kai?"

"Da shi da surukarsa."

"Na yarda. Ai labarin ƙarfinka ya cika gari. An ce jiya ƙasa ma ta ji a jikinta, ka rungume ta tsakanin kunyoyi ka ƙi saki."

Dallatu ya yi ɗan tari, ya waiga wajen madafa inda Fadima ta sunkuyar da kai tana hura wutar da ba ta buƙatar hurawa.

"Gero nake dubawa. Manomin kirki sai ya kwanta yake ganin tsutsa."

"Da rawar jiki?"

"Sauro nake kora."

"Da gumi har riga ta jiƙe?"

"Ban-ruwa nake wa shuka, tun da ke ba ki iya komai ba sai surutu."

Furera ta yi dariya, amma gabanta na faɗuwa. Daga inda take tana ganin hannunsa na ɗan karkarwa a kan ƙotar, kuma wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta sani in ta fito masa da maganar kai tsaye zai tashi ya bar mata gidan, sai ta bi ta inda ya fi rauni, wato cika baki.

"Ni fa ban yarda akwai wani magani ba. Ƙarya kake, jiƙon sabara kake sha kana ce mana kayan ƙasar waje."

"Sabara? Ni? Buɗe idonki ki gani, 'yar ƙauye."

Ya zura hannu a aljihu ya fito da kwalbar, ya ɗaga ta sama yana girgizawa. Furera ta matso tana ƙanƙance ido. A jikin kwalbar akwai zanen wata saiwa mai rassa kamar hannuwa da ƙafafu.

"La ilaha illallahu! Dallatu, ai hotonka ne. Ga ƙafafun nan sirara, ga gemun nan tsilli-tsilli. Yaushe suka zo suka ɗauke ka?"

"Hassada ce ke cin ki."

"Nawa kake sha?"

"Khalilu ya ce ɗaya da safe. Amma ɗaya ta 'yan birni ce masu zaman kujera. Manomi kuwa sai ya ji ta a tafin hannu."

"Wato watsa su kake kamar gyaɗa."

"Kamar gyaɗa, in kin ga dama."

"A kan ƙwayar sugan?"

"A kanta. Ai duk magani ne, su shirya kansu a ciki."

"Kuma cikin babu komai, don an ce kokon safe ma jikoki kake bar wa."

Kafin ya mayar da hannu aljihu, Furera ta kai wawura caraf, ta ƙulle kwalbar a bakin zani.

"Ke! Ba ni kayana!"

"Shara ce. Ka taɓa jin inda ubangida ya bi baiwa ya ƙwace shara?"

"Wallahi zan kai ki wajen mai unguwa."

"Mu je. Shi ma taubashiyarsa ta kwashe masa takalma da asuba, yana can ba ya iya fita."

"Ɓarauniya! Da me kika san jinsen? Ke da ko sunan ba ki iya faɗa ba."

"Na fi ka saninta. Ka manta benci ɗaya muke zama a asibiti, kai da suganka ni da hawan jinina? To bencin ya yi kewarka, an daɗe ba a gan ka ba. Ni da na ji masu lasifika a kasuwar Ɗambatta suna kuranta ta, wai tana mayar da tsohuwa yarinya, sai da na yi kwaɗayi. Amma ni mai hankali ce, ba irinka ba, sai na tambayi malamar asibiti."

"Ta ce miki ke kin wuce gyara."

"Ta ce ba guba ba ce, kar in yi mata ƙarya. Akwai waɗanda ke jin ta rage musu gajiya. Amma tana iya sauke suga a jini. In mutum ya haɗa ta da ƙwayar suga, ga ciki fayau, ga fartanya a rana, sai dai a tsince shi yana duba tsutsa."

"Oho dai."

"Ta ce tana hana wasu barci, ta sa ciwon kai, ta sa zuciya ta riƙa dukan tara-tara. Mai ciki da mai shayarwa da yara su bar ta. Mai hawan jini irina, da duk mai shan wani magani kullum, kar ya taɓa sai ya tambaya. Kuma ba kowace kwalba ce abin da aka zana a waje shi ne a ciki ba. Yanzu faɗa mini tsakaninka da Allah, ƙirjinka ba ya bugawa?"

"Yana bugawa in na gan ki, don tsoron muni."

"Dallatu."

Yadda ta kira sunan, babu wasa a ciki. Ya ajiye fartanyar a hankali, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda Fadima ba za ta ji ba.

"Furera, gonar bayan gari ciyawa ta fi gero tsawo. In ban yi maimai yanzu ba, shi ke nan, bana an tashi a tutar babu. Me gidan nan zai ci? Da Khalilu ne ke zuwa mu yi tare, yanzu abin da yake samu mai ke cinyewa, ba ya iya barin keken ko na yini. Yaron nan ya rasa yadda zai yi, ya aiko mini da wannan. Hannunsa ne ya aiko mini a kwalba. Ya zan ce ba na so?"

Tausayinsa ya kama Furera, haushinsa ma ya kama ta, duk a lokaci guda.

"Ya aiko don ka yi ƙarfi, bai aiko don a kira shi a waya a ce ya taho da likkafani ba. Kana so yaron nan ya rayu yana cewa shi ya kashe ubansa?"

"Subhanallahi, ke bakinki ba shi da linzami."

"Ba shi da shi, kuma yau ba zan sa masa ba. Tsoro nake ji, Dallatu, wallahi tsoro nake ji. Duk dangi kai kaɗai ka rage mini da zan zaga in koma gida raina fes. In ka tafi wa zan zaga? Surukaina?"

Ta kwance bakin zanin, ta ajiye kwalbar a kan gwiwarsa.

"Ga kayanka. Ƙwace ba zai yi ba, gobe sai ka sa a aiko da wata. In za ka ba ni, ba ni da hannunka. Ranar asibiti mu tafi tare da ita, a gwada suganka, a duba kwalbar. In malama ta ce ka sha, ni zan riƙa kawo maka ɗaya-ɗaya kamar abincin ɗan tsako. In ta ce a'a, ka ce wa Khalilu baiwa ta sace."

"Gonar fa?"

"Ba ni sharata tukuna."

"Na ce gonar fa?"

"Ni ma na ce sharata."

Dallatu ya juya kwalbar a hannunsa. Ya dubi madafa, ya ga Fadima ta daina hura wuta, tana goge ido da gefen mayafi. Ya ja dogon numfashi, ya miƙa.

"Ungo, mayya. Tun da aka haife ki ban taɓa riƙe abu ya yi mini albarka ba."

"Allah ya ƙara arziki, ubangida. Allah ya sa baɗi ka ba da abin da ya fi wannan." Ta ƙulle ta tam, ta tura masa kwanon da ƙafa. "Buɗe, ɗumame ne. Ka cinye a gabana, jikoki sun riga sun ci nasu."

"Miyarki ce? Ashe dai kashe ni kika zo yi."

"Ci, ka yi sauri. In ka gama ka ɗauki tabarma, ba fartanya ba."

"Tabarma kuma? A gona?"

"Eh mana. 'Ya'yana Sama'ilu da Nababa suna can tun da aka idar da sallar asuba, su da abokansu. Na ce musu in suka bar ciyawa ɗaya a gonar kawunsu kar su dawo mini gida. Kai naka ka zauna a gindin ɗorawa ka riƙa nuna musu da baki, tun da nan ne ƙarfinka yake."

Lomar da ya ɗauka ta tsaya a hanya. Ya dube ta, ya dubi Fadima, ya sake dubanta.

"Wato 'ya'yanki suna gonata tun kafin ki shigo?"

"Tun kafin ka gama ɗaga amalanke."

"Kika bar ni ina ta zuba kamar marayan tunkiya?"

"Yo da na faɗa da wuri ai da ban ji daɗin ba."

Dallatu ya fashe da dariya har sai da ya ƙware, Fadima ta rugo da ruwa tana dariya tana hawaye. Ya sha, ya share gemu, idonsa ya ƙara ja, amma wannan karon ba na rashin barci ba ne.

"Kin ci ni, Furera, na sallama. Bayin gidanmu dai sun san aikinsu. In Allah ya kai mu kaka, damin farko naki ne. Baɗi kuwa sharar akuya zan ba ki."

Furera ta saɓa tsintsiyarta ta nufi zaure, ba ta waiwayo ba don kar ya ga fuskarta.

"Riƙe akuyarka, marowaci. Kai dai baɗi in zo in same ka a kan turmin nan, in zage ka son raina."