Ranar da Muka Ɗaura Wifi a Tozon Raƙumi

Jama'a, ku bar ni in huce a kanku, don abin da na gani safiyar Talata ya fi ƙarfina. Ɗana Haris yana Aljeriya yana aikin gini. Matarsa Zalika ta haihu nan Tanut, 'yar fari, bai taɓa sa ta a ido ba. Abu ɗaya ya roƙe ni: ranar suna in kira shi ta bidiyo, ya ga fuskar 'yarsa, ya ji sunanta da kunnensa. Mai gidan aikinsu kuwa ɗan lokaci kaɗan ya ba shi da safe.

Na sayo akwatin wifi, irin mai sim da batir. Mai shago ya ja mini kunne: a ɗora shi sama, a nisanta shi da ƙarfe da katanga mai kauri, kuma kada in raba kod, wato lambar sirrin shiga, don yawan wayoyi ke kashe masa gudu. Ina isa gida mai ɗakina ta ga abu mai daraja, ta sa shi cikin kwalla ta rufe, ta jera da kwanukanta. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya ce ga garinku nan.

Muka gwada kan rumbu, ba labari. Anten ɗin unguwarmu, dogon ƙarfen nan na rezo, yana nan tsaye ƙyam, ɗan siyasar nan Mai Girma Garkuwan Alkawari ya kafa mana shi da kiɗa da shinkafa, wuta kawai aka manta a sa masa. Allah ya saka masa, hankaki sun samu wurin hutawa. Sai maƙwabcina Falalu, wanda ba a rasa shi da dabara, ya ce ai abin da ya fi komai tsawo a unguwa kuma yake juyawa shi ne raƙumin Ila. Muka ɗaure akwatin a tozo, aka ja raƙumi gabas, aka ja shi yamma, har fitilun suka yi kore shar.

Ranar suna liman ya zauna, ana rabon goro da dabino, fuskar Haris ta fito tas a wayata. Na aika a ɗauko jaririya. Sai ga jiniya da jerin motoci. Mai Girma ne ya ji ana taro, shi kuwa ba ya jin taro ya wuce. Tun ba a kawo musu ruwa ba, mai riƙe masa jaka ya matso ya ce, "Baba, mene ne kod?"

To ku gaya mini, a nan ƙasarmu ta Damargu wa ya taɓa hana baƙo ruwa, balle abin da ke yawo a iska? Na raɗa masa a kunne, shi kuma ya juya ya yi shela kamar sanƙira.

Nan take direbobi da 'yan rakiya da masu tafi suka hau wifi ɗin. Ɗaya ya soma watsa jawabin Mai Girma kai tsaye, wai sun haɗa Damargu da duniya, duk ta cikin akwatina. Hoton Haris ya daskare a wayata, baki buɗe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Falalu ya ce a ja raƙumin ya ɗan yi nisa, in sun rasa rezo za su haƙura. Ila ya ja. Suka bi shi ɗuu, wayoyi a sama, har suka kama hanyar Belbeji. Mai Girma ya waiwaya ya ga babu mai tafa masa, sai ya shiga mota ya bi raƙumi shi ma. Abin da ni da Falalu muka manta, tawa wayar ma a tozon nan take sha.

Liman ya jira har rana ta yi zafi, sannan ya ce rago ba zai jira rezo ba. Aka shafa fatiha. Yarinya ta ci suna Raishatu.

Da la'asar Haris ya kira ta layi, murya na yankewa. Wai hoton ƙarshe da ya tsaya masa tumbin Mai Girma ne cikin shadda. Na soma ba shi haƙuri, ya tare ni.

"Bar shi, Baba. Ka dai gaya mini, da wa ta yi kama?"

Na ce da kai ta yi kama, har goshin. Na ji yana jan hanci, sai layi ya yanke. Wallahi ni ma sai da na goge ido.

Don haka in kun ga raƙumi a hanya manya na biye da shi, kada ku yi masa dariya. Duk cikinsu shi kaɗai ke ɗauke da abin da zai amfane mu.