Jatau da Takardar Zuciyar Inna

A garinmu akwai wani Jatau. Shekara arba'in, amma in ka ce masa zauna, sai ka dawo ka tashe shi. Su uku ne a gida: shi, yayarsa Asabe, da tsohuwarsu Inna Kande, wadda ciwon ƙirji ya sa a gaba.

Wata rana suka kai Inna asibiti. Nas ta manna mata wayoyi a ƙirji, ta ce, "Ka riƙe ta, kada ta motsa." Jatau ya danne tsohuwa da iya ƙarfinsa, har na'ura ta fito da zane kamar kaji sun yi tono. Nas ta ce, "Kai bawan Allah, kashe ta za ka yi?" Aka kore shi waje, aka sake gwajin.

Wata rana likita ya nuna musu takardar gwajin zuciyar. Ya ce, "Kowane tsini bugu ɗaya ne. A mai lafiya tazararsu daidai take. Na Inna sun hargitse, sai an daidaita su." Jatau ya koma gida, ya samu biro da tsinken tsintsiya, ya wuni yana gyara zanen. Ya kai wa tsohuwa yana murna: "Inna, na daidaita, kin warke!" Inna ta shafa kansa, ga numfashi na yi mata wuya. Wallahi ban ga abin dariya ba. Asabe kuwa bayan ɗaki ta zagaya ta yi kuka.

Da suka koma, likita ya girgiza kai ya ce, "Bar zane. In ciwon ya tashi, kawo ta, kada ka jira kowa."

Wata rana da hantsi ciwon ya tashi. Asabe ta ce, "Tsaya in nemo mota." Ina! Jatau ya goya Inna ya zura da gudu. Bai jira mai gadi ba, bai jira layi ba, ya banke ƙofar likita ana tsakiyar duba wani alhaji. Mutane suka yi ca: "Mahaukaci! Marar tarbiyya!"

Likita ya jona na'ura, ya ga layin da ke bayan kowane tsini ya ɗaga sama. Ya ce, "Jijiyar zuciya ce ta toshe. Da kun ƙara rabin awa, da gawa kuka kawo."

Sai bayan azahar Asabe ta iso da motar.

Inna ta ƙara damina biyu a duniya. A wurin zaman makokinta wani ya ce, "Allah sarki, ta bar wawa."

Asabe ta ɗago ta ce, "Daminar nan biyu, shi ya goyo mata su."