Rasuwar Sabuwa, Wuƙar Baba Munkaila

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, da kuma miƙa wuya ga abin da aka riga aka rubuta, gidan Baba Munkaila na zangon Yendi yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Salaga da Bawku, da na Kpandai da Savelugu, da duk inda labarin ya isa a karkace, rasuwar Sabuwa, wuƙar aljihunsa. Ta rasu a garin Bawku, a gidan surukai, a gaban jama'a, bayan doguwar rama da gajeriyar jinya.

A lura da kyau, wuƙa ce. Dole a faɗi haka tun da wuri, domin ranar da abin ya faru Baba Munkaila ya buga wa ƙanwarsa Memuna waya a Salaga, bai iya cewa komai ba sai "Sabuwa ta tafi", ya kashe wayar. Memuna ta ɗora hannu a kai, ta baza labari, kafin la'asar mutane sun fara kiran Hajiya Sabuwa mai kifi ta Kete Krachi don yi wa 'ya'yanta gaisuwa, ita da kanta take ɗaukar wayar. Ana ba Hajiya haƙuri, Allah ya ƙara mata nisan kwana. Su kuma samarin zango masu cewa "wuƙan Baba ya karye", don Allah a gyara baki. Wuƙa mace ce a Hausar gidan nan, a mace ta rayu, a mace za a rufe ta.

An haifi marigayiya a Salaga, a maƙerar Sidiku, shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce. Ruwanta daga ƙarfen sifirin ɗin wata tsohuwar motar doya aka fitar da shi, ƙotarta ƙahon sa ne, ƙusar da ta haɗa su kuma tagulla ce. Munkaila a lokacin saurayi ne mai bin motocin doya, yana da wata tsohuwar wuƙa ta mahaifinsa, shi ya sa da ya karɓi wannan ya riƙa ce mata sabuwa don ya bambanta su. Tsohuwar ta ɓata a hanyar Kpandai, sunan ya zauna. Ƙahon ya yi baƙi da gumi, wurin da babban yatsa ke zama ya lotsa, gemun mai ita ya yi fari fat, ita tana nan Sabuwa.

Wanda bai zauna a Yendi ba ba zai gane girman wannan rashi ba, sai an yi masa bayani. Baba Munkaila ba babban malami ba ne, ba attajiri ba ne, bai taɓa riƙe sarautar ko da layi ɗaya ba. Abu guda yake da shi a unguwa: shi ne mai yanka. Matar da mijinta ya yi tafiya, gidan Baba take kawo kazarta. Maƙwabta Kiristoci da masu bin al'adar kakanni, idan suna son baƙinsu Musulmi su ci abincinsu ba tare da ƙyanƙyami ba, shi suke kawo wa zabbinsu, musamman ranar Buronya, wato Kirsimeti, da ake yin layi a ƙofarsa tun rana ba ta yi zafi ba. A buga ƙofa a ce, "Dasiba, Baba," wato ina kwana, ya amsa gaisuwar, ya fito yana gyara hula, ya fuskanci alƙibla, ya taka fikafikai da ƙafafu, ya sa hannu a aljihun dama. Wannan bugun ƙofar shi ne abin da yake tashi dominsa kowace safiya. Shi ne kuma abin da yake tsoron ya rasa tun ranar da hannunsa ya fara rawa.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. Kalma biyu aka san ta da su. Idan an buɗe ta sai ta ce "ƙyat", idan an rufe ta sai ta ce "ƙwas", tsakanin waɗannan biyun kuma aiki ya ƙare. Zabo bai taɓa jin zuwanta ba. Ta fiƙe wa malaman Yendi alƙaluman kara waɗanda suka rubuta alluna ba iyaka, ta yanka irin doya kowace shekara, ta cire ƙaya daga ƙafar manya da yara, ta taɓa tsinke igiyar da ta shaƙe akuyar liman ana dab da rasa ta. Ragunan sunan 'ya'yan gidan nan kaf ita ta yanka su, duk ƙanƙantarta, mahauta na tsaye da manyan wuƙaƙensu suna kallo. Ba ta taɓa shiga faɗa ba. Ba ta taɓa rufewa a kan yatsan mai ita ba. Aro kuwa ba ta zuwa, ko uwar gida Amamatu ta nemi ta ɓare lemo da ita sai Baba ya ce, "Kawo lemon."

Ciwon ajali ya fara ne a 'yan shekarun nan. Yanka ya daina fita sumul. Kaza takan yi ta shure-shure fiye da yadda aka saba, zabo ɗaya ma ya taɓa miƙewa ya bi layi da gudu, mai shi na bin sa tana salati. Baba Munkaila ya duba ya ce Sabuwa ce ta dakushe. Ya ɗauko dutsen washi ya zauna a bakin zaure, "shak, shak, shak", ya gwada a gashin hannunsa, ta aske tas. Washegari yanka ya sake karkacewa, ya sake komawa dutse. Haka aka yi ta yi, safe da yamma, har ruwan wuƙar da a da ya kai faɗin yatsa biyu ya koma kamar tsinken tsire. Amamatu ta tsaya a kansa wata rana da tsintsiya a hannu, ta daɗe tana kallon hannun da ke karkarwa a kan dutsen.

"Malam," ta ce, "ba ita ba ce."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Je ki duba tukunyarki."

Ba ta sake tayar da maganar ba, unguwa ma ba wanda ya tayar. Mata suka ci gaba da kawo kaji, wasu don sabo, wasu don kunyarsa, suna kawar da kai idan ya tsuguna. Wannan gida dai a hukumance ya rubuta cewa rama ce ta kashe marigayiya, kuma ba a neman ƙarin bayani daga kowa, musamman masu zaman shayi na bakin kasuwa da bakinsu ba ya rufuwa.

Sai Allah ya sauki Rukaya lafiya, auta a 'ya'yansa mata, wadda ke aure a Bawku. Namiji. Baba Munkaila da Amamatu suka ɗauki hanya don suna. Surukai suka karɓe su hannu bibbiyu, ranar suna kuma uban miji, Alhaji Mutaru, ya tashi a gaban jama'a ya ce ba wanda zai yanka ragon jikan nan sai kakansa na Yendi, wanda sunansa a yanka ya riga shi zuwa Bawku. Karramawa ce babba, kuma Baba ya ji daɗinta har cikin ransa, an ga haka a tafiyarsa. Aka kayar da rago, ƙato mai kauri a wuya. Alhaji Mutaru ya miƙo doguwar wuƙar gidan ya ce, "Bismilla, Malam, ga ta an wasa." Baba ya yi murmushi ya ce, "Na gode, Alhaji, na zo da tawa. Ita ta yanka na uwarsa."

Ta ce "ƙyat". Ya yi bisimilla ya ɗora. Ta shiga, ta kai rabi, hannun ya murɗe, sai aka ji "tas", wata 'yar ƙara da ba ta kai ta karyewar tsinke ba. Ita ce maganarta ta ƙarshe, kuma ba a taɓa jin ta faɗe ta ba sai ranar.

Kowa a wurin ya san hukuncin, Baba ya fi kowa sani, shi da ya koya wa rabin zangon Yendi: mai yanka ba ya ɗage hannu kafin ya gama, idan kuwa larura ta sa ya ɗage to ya koma nan take, in ya yi jinkiri dabba ta zama mushe. Wuƙar Alhaji Mutaru tana nan a miƙe, dab da kafaɗarsa. Mutane na cewa, "Karɓi, Baba! Karɓi!" Wallahi bai ji su ba. Ya saki wuyan ragon, ya durƙusa yana laluben ƙasa da hannu biyu cikin jini, yana neman guntun ruwan da ya faɗi. Ya same shi kuwa. Ya ɗago yana goge shi da bakin rigarsa ta suna, sai ya ga fuskokin mutane, sannan ya tuna da rago. Wani mahauci ya ƙarasa dabbar don a hutar da ita, malamin da ya zo raɗa suna ya girgiza kai ya ce ba ta ciwuwa. Aka ba wa maƙwabtan da addininsu bai hana su ba, aka aika kasuwa neman wani ragon, baƙi suka zauna da yunwa har azahar ta wuce.

Ba wanda ya yi masa faɗa, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Alhaji Mutaru ya ce, "Ƙaddara ce, Malam, kada ka sa a ranka," ya sa aka kawo masa ruwan wanke hannu. Rukaya ta fito daga ɗakin jego, abin da bai kamata ta yi ba, ta tsuguna a gabansa ta ce, "Baba, ka shigo ka ga takwaranka." Ashe sunansa aka sa wa yaron. Ya shiga, aka miƙo masa jaririn, ya dubi hannuwansa ya ce a bar shi a wurin uwarsa, daga nan ma yana ganinsa. A mota kuma har suka iso Yendi hannunsa na cikin aljihun dama.

Marigayiya ta rasu ta bar dutsen washi, abokin zamanta, wanda shi ma ya lotsa a tsakiya, kuma wasu na zarginsa da hannu a mutuwar. Ta bar aljihun dama na riguna da yawa, kowanne da shatinta. Ta bar ƙanne masu yawa a cikin wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado, domin Baba bai taɓa wuce mai sayar da wuƙar aljihu bai tsaya ba: akwai mai ƙotar katako da zobe ta kasuwar Bawku, akwai 'yar Savelugu mai baki biyu, akwai wata mai ƙotar ƙashi da ɗansa Abdul-Hafiz ya aiko daga Kumasi, mai ƙyalli kamar haƙorin Makka, da wasu da shi kaɗai ya san asalinsu. Duk ranar Juma'a yakan fito da su ya shafa musu man kaɗe, ya buɗe ya rufe, ya mayar. Ba wadda ta taɓa ganin jini a cikinsu. Amamatu ta ajiye masa gwangwanin a gabansa bayan sun dawo ta ce ya zaɓi magajiya. Ya buɗe mai ƙotar ƙashin, ya riƙe ta a iska, su biyu suka kalli tsininta yana rawa, ya rufe ta ya mayar da murfi. An kai gawar Salaga ko za a dace, aka tarar Sidiku ya daɗe da rasuwa, maƙerarsa ta zama shagon cajin waya. Mai walda na kusa ya juya guntayen biyu a tafin hannunsa ya ce babu naman da wuta za ta kama.

Labarin Bawku ya riga motarsu isowa. Tun daga ranar ba a sake buga ƙofar gidan nan da kaza ba. Matan unguwa suna bi ta bayan masallaci zuwa wurin Wadud, mai shagon kayan miya, wanda ke yanka da wuƙar kicin mai ƙotar roba yana amsa waya da kafaɗa. Suna zagayawa ne don kada Baba ya gan su, yana kuwa ganinsu sarai, tunda har yanzu da safe yakan sa hula ya zauna a bakin zaure. Abin yana ci masa rai, ba ya ɓoyewa.

Za a rufe marigayiya ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin bishiyar darbejiya ta bayan gida, a naɗe cikin ƙyallen farar riga. Ba za a yi salla ba, liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ya yi alkawarin zuwa ya zauna. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya kawo wuƙa a matsayin kyauta, kada kuma a ce wa Baba za a samu wata. Za a yi tuwo da miyar zabo don baƙi na nesa. Zabbin na gidan ne, Baba ya kiwata su da hannunsa. Ranar Alhamis da safe zai ɗaure musu ƙafa, ya bi ta gaban masallaci, ya buga ƙofar Wadud.