Adakata da Ruwan Zango

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da ta biyo bayan korar baƙi, lokacin da manyan motoci suka kwashe rabin Zangon Kumasi zuwa Nijar da Najeriya. Ina goyon 'yata ta biyu, muna haya a gidan wata tsohuwa da muke kira Magajiya.

Ɗakina na kallon na Mariyama, matar wani ɗan goro. Ni dai na fi ta kyau (ku tambayi kowa), amma ta fi ni zannuwa. Kowane suna da sabuwar atamfa 'yar Holan, ta wuce ƙofata tana wani "Yaya, kin tashi lafiya?" Sai in amsa mata a daƙile.

Da wata Bayarabiya mai sayar da atamfa za ta tafi, na sayi adakarta, ƙaton akwatin ƙarfe mai fenti. Babu ko zare a ciki. Amma da 'yan dako suka shigo da ita, mata suka ɗauka har da kaya na saya, ni kuwa ban gyara musu ba. Maigidana lebura ne a shagon goro. Na tara tsofaffin buhunan da yake kawowa, na ninke su tsaf, na cika adaka, na shimfiɗa zannuwan aurena a sama. Duk mai shigowa in ɗaga murfi kaɗan, in ce, "Sai da Sallah za a taɓa."

Wata Laraba bayan azahar sama ta ɓalle. Gwata, wato lambatun ƙofar gida, ta cika ta juyo cikin gida, ruwa ja wur har gwiwa, ga takalma da kwanuka suna yawo. Da gari ya waye rana ta fito, Magajiya ta sa aka ɗaura igiyoyi.

"Kowa ta fito da kayanta kafin su yi fumfuna! Ɗaki ɗaki za mu bi, a taimaki juna."

Aka fara da Mariyama. Jama'a, igiya ta ƙare zane bai ƙare ba. Jiƙaƙƙu ma sai sheƙi suke. Sannan aka juyo kaina.

"Inna, nawa ba su jiƙe ba," na ce, na tare ƙofa.

"Ke, matsa! Ruwan tsoronki yake ji?"

Mata suka ciccibo adaka suna nishi. Wata na cewa, "Ei, wannan nauyi! Yau za mu ga Holan!" Mariyama da kanta ta buɗe. Ta ɗaga zannuwan sama. Ta sa hannu ta jawo buhu, yana ɗigar ruwa, yana warin ruɓaɓɓen goro. Ta jawo wani.

Magajiya ta karɓa, ta ɗaga shi a rana, ta juya.

"'Yar nan, wannan 'yar wace ƙasa ce? Ban san zanen ba."

Har masu wucewa a titi sai da suka leƙo jin dariya. Kuma aka shanya su, wallahi, kusa da na Mariyama.

Abin da ya fi ƙona ni, ita ba ta yi dariya ba. Da yamma ta aiko mini da zane sabo, wai in riƙa fita da shi. Na sa kuwa, ya kuma fi kyau a jikina.

Tun ranar na gane: in za ki yi ƙarya a Zango, ki ɗora ta a kan kabad, kada ki ajiye a ƙasa. Magajiya da sauran duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni da Mariyama, tana Asawase wurin jikokinta, haƙori ɗaya babu a bakinta. Nawa kuwa suna nan.