Shito Zalla Ga Sarkin Duka

"…Lafiya lau, sai kewar baiwata. Ina kwana, Basiratu? Ya kasuwa? Ya zaman gadin tukunya?"

"Kasuwa alhamdu lillahi, tunda har gawa ta fara zuwa sayen abinci. Fataw, ashe ka tashi? Ni na ɗauka har yanzu kana kwance a gaban dodo, ƙafafu a sama."

Ina jin haka na kashe injin aski na leƙo. Ni ne Abdul-Kudus, shagona na manne da rumfar Gwaggo Fatu mai sayar da wakye, wato shinkafa da wake, a nan Zangon Kumasi, kuma wallahi tun asuba nake jiran wannan gamo. Fataw direban pragya ne, keken nan mai ƙafa uku da ke jigila daga nan zuwa Krofrom. Babansa da Gwaggo Fatu ciki ɗaya suka fito, don haka shi da 'yarta Basiratu taubasai ne. Kowannensu na cewa ɗayan bawansa ne, kuma tun suna yara har yau ba a raba gardamar ba.

Mu huɗu muke da ƙungiya a wani gem na waya, inda ake haɗuwa a far wa dodo. Alidu, yayan Basiratu, shi ne mai garkuwa, shi dodo ke jibga don mu tsira. Basiratu ce mai magani, duk wanda jininsa ya ragu ita ke cika masa. Ni ina harbi daga nesa. Fataw kuwa takobi gare shi, kuma aikin da aka ba shi ɗaya ne: in ƙananan dodanni sun fito za su cinye mai magani, ya juyo ya share su. Alidu yana Doha yana aikin gini, Juma'a kaɗai yake hutu, don haka Juma'a kaɗai muke buga wasan. A Juma'ar da ta wuce, wannan ɗan tselen uwar Fataw ya ƙi juyowa, wai ƙananan dodanni ba sa ba da maki. Aka cinye Basiratu, aka cinye Alidu, aka cinye ni, dodo saura ƙiris ya mutu. Alidu ya rantse ko a cire Fataw ko shi ya bar wasan, ya ce hukunci na hannun ƙanwarsa, kuma yau bayan masallaci za a sake shiga. Ni dai a raina na riga na cire shi, don haushinsa nake ji.

Fataw ya jingina da teburin, ya gyara hula. "Wace gawa? Ke ba ki ga allon maki ba? Dameji miliyan tara! Dukan da na yi wa dodon nan, ko uwarsa ba ta taɓa yi masa ba."

"Na gani. Duk Zango sun gani. Ka ɗauki hoton allon ka liƙa a status, har da rubuta 'Sarkin Duka'. Me ya hana ka ɗauko ƙasan allon, inda aka rubuta an kashe mu duka?"

"Wayata ce ƙarama, hoton bai kama wurin ba."

"Kunyarka ce ƙarama."

"Cale, abokiya, ki tambayi kowa. Daga Buokrom har Reskos sunana ake kira. Jiya wani fasinja ya ƙi sauka daga pragyata, wai sai na sa masa albarka a babban yatsa."

"Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Canjinsa ka riƙe shi ya sa ya ƙi sauka."

"Hassada ga mai rabo taki ce. Ke nawa kika ci? Na duba sunanki a allon sai da na sa tabarau."

"Mai magani ce ni, bawan banza. Ka taɓa ganin likita na dambe da masu jinya?"

"To ai shi ne! Kina tsaye a baya kina yayyafa wa mutane koren ruwa kamar mai ban ruwan alayyafo. Wannan ko kakata za ta iya."

"Kakarmu dai. Kuma da ita aka ba takobin nan, da ta juyo da na yi ihu. Sau nawa na kira ka? 'Fataw, sun zo! Fataw, suna cina!' Har Mma, gwaggonka, ta fito daga ɗaki da muciya, ta ɗauka ɓarayi ne."

"Netwok ne ya yanke."

"Netwok ya yanke kunnenka, ya bar yatsanka yana aiki? Kai, Allah Ya isa tsakanina da wannan netwok mai zaɓe."

Na kasa haƙuri, na ce daga bakin shago, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Alidu na shan jibga, kai kana tara maki."

Fataw ko waiwaye bai yi ba. "Mai aski, koma kan ƙeyar mutane. Wannan magana ce ta cikin gida, tsakanin ubangida da baiwarsa." Ya buga tebur. "Ke, zuba mini wakye na sarakai. Taliya, gari, ƙwai, ganda, kifi. Yau akwai yaƙi, sai ciki ya ɗauka."

"An gama, ranka ya daɗe."

Yadda ta amsa da ladabin nan, na san akwai magana. Ta juya masa baya, ta ɗauki ganye, ta yi ta ƙwanƙwasa cokali a tukwane kamar da gaske, ta naɗe ƙunshi tsaf ta miƙa masa da hannu biyu har da ɗan rusunawa. Fataw ya zauna a benci yana yi mini gwalo, ya kwance ganyen. Babu shinkafa, babu wake, babu ko silin taliya. Shito ne zalla, baƙin yajin nan na Gwaggo Fatu wanda ɗigo ɗaya ke sa ƙato zufa, an tula masa cokali uku a tsakiyar ganye.

"Ei! Basiratu, ina wakyen?"

"Ga shi nan a hannunka."

"Wannan ai shito ne!"

"To shinkafa nawa take ci a allon maki? Wake dukan wa ya taɓa yi? Duk tukwanen nan babu mai dameji sai shito. Sauran 'yan rakiya ne, na rage maka kaya."

"Ke mahaukaciya ce? Wa ke cin yaji ba abinci?"

"Sarkin Duka. Ai kai ka ce duka kaɗai ke cin yaƙi. Idan gaskiya ne, shito kaɗai zai ƙosar da kai. Cinye shi tas, ni kuma in kira Yaya Alidu in ce a bar ka. Ka mayar mini, sunanka ya fita kafin a kira sallah."

Nan fa ake yin ta. A wurinmu abin da taubashi ya danƙa maka ba a mayarwa, ba a kuma yin fushi. Wanda ya ɓata rai ya faɗi, kuma za a yi ta ba da labarinsa a kowane suna da kowane biki har ya yi furfura. Fataw ya dubi ganyen, ya dubi masu jiran layi da suka fara matsowa.

"Wannan ɗan abin? Ni da nake karyawa da barkono in yi sahur da citta? Ina jariri da shito aka yaye ni."

"Na sani, shi ya sa ƙwaƙwalwar ta ƙone. Bisimilla."

Ya lakato da yatsa ya kai baki. "Alewa," in ji shi. Ya ƙara na biyu. "Gwaggo ta fara tsufa, hannunta ya yi sanyi." Ya ƙara na uku, babba, don mutane su gani. Daga nan magana ta tsaya. Idanunsa suka kawo ruwa, hanci ya balle, hular da ya gyara ɗazu ya cire ta yana fifita harshe da ita. Wallahi dariya ta kusa kayar da ni cikin kwata.

"Yaya dai, ranka ya daɗe?" in ji Basiratu. "Maki nawa ya ba ka?"

"Ba… ba komai. Zufa ce. Kumasi akwai zafi paa."

"Sosai. Saura rabi."

"Miƙo ruwa ɗaya in wanke hannu."

Kafin ya rufe baki ta haye kan kular ruwan leda ta zauna daram, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta ciro waya.

"Basiratu, ruwa!"

"Wa ke kira? Netwok ba kyau."

"Ruwa na ce! Bakina na ci da wuta!"

"Ayya. Mai ban ruwan alayyafo ta tafi neman maki. Ka kira kakarka."

Ya juyo wurina, hawaye shaɓe-shaɓe. "Abdul-Kudus, don Allah, ko na butar shagonka."

Na ce, "Ni daga nesa nake harbi, cale. Ba da ruwa ba ya cikin aikina."

"Ku ji tsoron Allah! Mutum zai mutu a gabanku!"

"Haka na ce ranar Juma'a," in ji Basiratu. "Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu."

"Na ji! Na ji karin maganar! Ruwa!"

"Tukuna. Wa ya kashe mu?"

"Dodo."

"Ƙara lakata."

"Ni ne! Ni na kashe ku!"

"Me ya sa?"

"Maki! Ina son sunana a sama! Wayyo harshena!"

Ta sauko daga kan kular, ta ɗauko leda ɗaya mai sanyi, amma ta riƙe ta a hannu. Dariyar fuskarta ta ragu. "Fataw, ka san abin da ya ba ni haushi? Ba dodon ba ne, dodo zanen waya ne. Yaya Alidu kwana shida yana ɗaukar bulo a rana, ba mai yi masa Hausa ko ta zagi. Ranar nan ɗaya yake sa abin kunne ya ji muryarmu, ya ji kamar yana zaune a bencin nan. Ya ce mini in muna ihu 'ku taho bayana', har ƙamshin rumfar nan yake ji. Kai kuma ka bar shi yana kiran sunanka kamar mai kiran akuya, kana can kana ƙirga lamba. Da aka gama ko sallama bai yi ba ya kashe waya. Ni abin ya yi mini ciwo."

Fataw ya daina fifita. Ya sunkuyar da kai, majina na ɗiga, ya ce a hankali, "Bai gaya mini haka ba."

"Zai gaya maka ne? Kai ma taubashinsa ne, sai dai ya zage ka. Shi ya sa ya turo ni, na fi shi iya zagi."

"To na tuba. Wallahi na tuba. Yau ko ƙuda ya doso ki sai na sare shi."

"Ko makinka zai zama na ƙarshe?"

Ya runtse ido. Na rantse wannan tambayar ta fi shiton yi masa zafi. "Ko… ko zai zama na uku."

"Na ƙarshe na ce."

"Na ƙarshe! Ƙasa da mai aski ma!"

"Kai, kar ka sa ni a ciki," na ce.

"Saura ɗaya," in ji Basiratu, tana kaɗa ledar ruwan a gaban hancinsa. "Tsakanina da kai, wane ne bawa?"

"Haba, Basiratu! Wannan ai ba ya cikin shari'ar!"

"Ruwan ya fara ɗumi."

Ya dubi jama'a, ya dubi ledar, ya ɗaga hannu sama. "Ni ne! Ni ne bawa, uwar ɗakina! Ku shaida, amma na yau kaɗai!"

Rumfa ta kaure da shewa. Wata tsohuwa da ke layi har da guɗa. Basiratu ta jefa masa ledar, ya cafe ya huda da haƙori ya zuƙe, ta ƙara masa ta biyu ba tare da ya roƙa ba. Sannan ta danna waya ta kai baki: "Yaya Alidu, ka sa garkuwarka a caji. Bawanmu ya shiryu, na wanke shi da shito. Yana nan yana kuka, in an jima zai gaishe ka da kansa."

Fataw ya matso da baki kusa da wayar, murya a dishe. "Alidu, baƙin bawa, ka yi haƙuri. Yau ina bayanka kamar jela."

Ta ɗauki sabon ganye, ta zuba wakye na gaske, tana yi tana dariya. Taliya, gari, ƙwai, kifi, har da ganda biyu. Ya laluba aljihu, ta buge hannunsa da bayan cokali.

"Bar shi. Uwar ɗaki ce ke ciyar da bawanta." Ta ɗaga cokalin a kan tukunyar baƙin yajin. "A sa shito, Sarkin Duka?"

Fataw ya ja da baya har ya kusa faɗowa daga benci, ya share hanci da hula, ya fashe da dariya.

"Ɗan kaɗan, a gefe. Ya tsaya a bayan shinkafa inda aka ajiye shi."